BABI NA UKU: BIYAYYA DA BIN JAMA'A A TARIHIN ƘASAR KAZAURE DA BABURA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yankin da wannan bincike ya shafa, wato Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda su da 'Yankwashi ne ƙananan hukumomi huɗu da ke ƙarƙashin Masarautar Kazaure, sai kuma Babura da ke ɓangaren gabas, wadda ta kasance ƙasar Kano har zuwa 1991 lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa da Masarautar Ringim. A wannan babi za a dubi tarihin biyayya a wannan yanki tun daga kafuwar Kazaure har zuwa zaɓuɓɓukan farkon shekarun 1990.

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo cewa talakan ƙasar Hausa mutum ne mai biyayya ido rufe, duk abin da na sama ya ce ya zauna. Turawan mulkin mallaka sun gina tsarinsu a kan wannan ra'ayi, 'yan siyasa kuma sun gaje shi daga gare su. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa biyayya a wannan yanki tana tafe da sharuɗɗa, tana ƙaruwa tana kuma raguwa gwargwadon abubuwa uku: halaccin mai ba da umarni a idon mabiya, da samuwar wata hukuma da mutum zai jingina da ita idan ya ƙi, da kuma samun abokin ƙi. Ita kanta Masarautar Kazaure daga ƙin biyayya ta samu, kamar yadda za a gani.

3.1 Ma'anar Biyayya da Bin Jama'a

Kalmar biyayya ta samo asali ne daga aikatau "bi". A wurin Bahaushe, biyayya ita ce mutum ya aikata abin da na gaba da shi ya umarce shi, uba ne ko malami ko ubangida ko sarki. Bin jama'a kuwa shi ne mutum ya daidaita maganarsa ko aikinsa da na sauran mutane ba tare da wani ya umarce shi ba, don gudun kada a ce ya fita zakka. Kowanne yana da karin maganarsa. Game da na farko ana cewa "bin na gaba bin Allah", game da na biyu kuma ana cewa "in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura". Sai dai Bahaushe bai yabi kowace irin biyayya ba, domin mutumin da ke bi ba tunani shi ake kira ɗan bi Yarima a sha kiɗa, ko ɗan amshin Shata. Kirk-Greene (1974) ya lissafa ladabi da kunya cikin halayen mutumin kirki a wurin Bahaushe, amma a jeri guda ya kawo gaskiya da adalci.

Ta fuskar addini ma haka abin yake. Aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da bin Allah da ManzonSa da majiɓinta al'amari, malamai kuma sun haɗu a kan cewa ba a yi wa abin halitta biyayya a cikin saɓon Mahalicci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya wajabta naɗa Sarkin Musulmi da yi masa biyayya shi da wakilansa a cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan, sannan a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan Hausa a kan jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Wato jihadin da ya kafa sabuwar biyayya, da janye biyayya daga tsofaffin sarakuna ya fara.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi gwaje-gwaje a kan waɗannan ɗabi'u biyu a Amurka. A shekarun 1950 Solomon Asch ya riƙa zaunar da mutum guda cikin wasu da aka riga aka shirya da su, a nuna masu layuka a ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Waɗanda aka shirya sai su haɗa baki su ba da amsar da kowa ke ganin ba daidai ba ce. Kimanin kashi 37 cikin ɗari na amsoshin waɗanda ake gwadawa sun bi na jama'a, kuma kusan mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Amma da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya kafin a zo kan wanda ake gwadawa, sai bin jama'a ya ragu ƙwarai. Haka kuma ya ragu da aka bar mutum ya rubuta amsarsa a asirce.

A 1961 Stanley Milgram ya fara nasa gwajin a Jami'ar Yale. An sa mutum ya riƙa danna maɓallin da aka ce masa yana jona wa wani wutar lantarki duk lokacin da ya yi kuskure a karatu, daga bolt 15 har zuwa bolt 450, alhali babu wutar, kukan da yake ji shiri ne. Daga cikin mutum 40, mutum 26 sun kai maɓallin ƙarshe saboda wani mai rigar masana yana cewa su ci gaba. Abin da ya fi amfani ga wannan babi shi ne sauye-sauyen da Milgram ya yi daga baya. Da aka sa abokan aiki biyu suka ƙi ci gaba, mutum 4 kawai cikin 40 suka kai ƙarshe. Da aka kawo masu umarni biyu, ɗaya ya ce a ci gaba ɗaya ya ce a tsaya, babu wanda ya kai ƙarshe. Da aka bai wa mutum aikin taimako kawai, wani dabam ke danna maɓallin, mutum 37 cikin 40 suka bi har ƙarshe. Masana na baya-bayan nan irin su Alex Haslam da Stephen Reicher sun ƙara da cewa mutanen sun fi bi idan aka nuna masu aikin na da amfani ga ilimi, sun kuma fi turjewa idan aka ba su umarni tsagwaro cewa ba su da zaɓi.

Ba za a ɗauki gwajin da aka yi cikin ɗaki a Amurka a ɗora shi kacokan a kan tarihin ƙasar Hausa ba. Za dai a yi amfani da shi a matsayin ma'auni wajen fahimtar abin da ya faru.

3.2 Ɗantunku da Sarkin Kano Dabo, 1819 zuwa 1824

Ibrahim Ɗantunku Bafulatani ne daga zuriyar Yarimawa. A farkon jihadi ya taka rawa wajen hana rundunonin sarakunan Kano da Katsina da Daura haɗuwa wuri guda, ya kuma karɓi tuta daga Shehu. Bayan an ci Kano, ya zauna da jama'arsa a arewacin ƙasar, wajen Dambatta. A zamanin Sarkin Kano Sulaimanu ba a sami fito-na-fito tsakaninsu ba. Da Sulaimanu ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo na Sulluɓawa, sai Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Ba shi kaɗai ya tayar wa Dabo ba, domin garuruwa da dama sun yi bore a farkon sarautarsa, amma Dabo ya murƙushe sauran, Ɗantunku ne ya gagara.

An shafe kimanin shekara biyar ana gwabzawa. Da farko Ɗantunku ne ke da rinjaye, har mayaƙansa suna kai hari kusa da birnin Kano. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, da ya iso Kano a watan Janairu 1824, ya tarar da Sarki a sansanin yaƙi saboda wannan rikici, ya kuma ga garuruwan da yaƙin ya kone. Ɗantunku ya kafa sansaninsa a cikin duwatsun Kazaure, inda dawakin Kano ba sa sakewa. Dabo ya taɓa cin sansanin, amma aka sake fitar da shi. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, shi kuma ya tabbatar wa Ɗantunku ƙasarsa, ya zama yana bin Sakkwato kai tsaye ba ta hannun Kano ba. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi.

Tambayar da ta dace a yi a nan ita ce, me ya sa mutanen Ɗantunku suka jure shekara biyar suna yaƙi da Sarkin da Sakkwato ta amince da shi, alhali su ma mabiya Shehu ne da suka san wajabcin bin wakilan Sarkin Musulmi? Amsar tana cikin tutar nan. Dabo yana iya cewa shi ne wakilin Sarkin Musulmi a ƙasar Kano, Ɗantunku kuma yana iya nuna tutar da ya karɓo tun kafin Dabo ya hau gado. Mabiyi da ke Dambatta ko Kazaure ya sami kansa tsakanin masu umarni biyu da kowannensu ke da hujja daga tushe guda. Wannan shi ne yanayin da Milgram ya nuna cewa biyayya ga umarni guda tana rushewa a cikinsa. Mutumin Ɗantunku bai ɗauki kansa ɗan tawaye ba, yana ganin biyayya yake yi ga wanda ya fi cancanta.

Za a ƙara fahimtar wannan idan aka kwatanta da Abdussalami, almajirin Shehu wanda ya tayar wa Bello a Kware bayan rasuwar Shehu a 1817. Shi Abdussalami Sarkin Musulmi kansa ya ƙi bi, saboda haka babu wata hukuma a cikin daular da zai kai kuka gare ta, aka kuwa ci garinsa a farkon 1818. Ɗantunku matakalar tsakiya ya tsallake ya riƙe ta sama, shi ya sa ƙin nasa ya ƙare da sarauta.

3.3 Biyayya Don Neman Tsaro

Dambo ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, ya faɗaɗa ƙasar, sai Muhammadu Zangi daga 1857 zuwa 1886, sannan Muhammadu Mayaƙi daga 1886 zuwa 1914. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wannan yanki ya zama bakin iyaka tsakanin Daular Sakkwato da Damagaram, wadda ta yi ƙarfi a zamanin Tanimu da kuma Ahmadu Kuran Daga, wanda Faransawa suka kashe a 1899. Hare-haren Damagarawa sun sha faɗa wa ƙasar Kazaure da arewacin Kano inda Babura take.

A irin wannan zamani biyayya ciniki ce a fili. Manomin Roni ko Gwiwa yana ba da zakkar hatsi, yana fita gyaran ganuwa, yana ba da ɗansa idan an yi gangami, shi kuma yana sa ran samun mafaka ranar da mahara suka zo. Mutumin Babura yana yin irin wannan hidima, amma Kano yake kai wa. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya da cin kasuwa tare, amma kowa da inda yake kai caffa. Idan kuwa mai mulki ya kasa ba da tsaro ko ya tsananta, talaka na da makamin da ya daɗe da shi, wato ƙaura. Ƙasa tana da faɗi, mutane ne ke da ƙaranci, kowane sarki na maraba da baƙi. Sanin cewa gari na iya watsewa ya sa dole mai mulki ya riƙa sassautawa.

3.4 Zamanin Turawa: Tsawaita Sarƙar Umarni

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Manyan daular sun rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ɗimbin talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Waziri Buhari kuwa ya zauna, ya kuma rubuta hujjarsa cewa ya halatta a bi mai rinjaye a zahiri don kare Musulmi, matuƙar zuciya ba ta bi ba. Wannan bambanci tsakanin bin zahiri da bin zuci shi ne Herbert Kelman (1958) ya fayyace, inda ya raba wanda ke bi don tsoro ko kwaɗayi, da wanda ke bi don ƙaunar shugaba, da wanda ke bi don ya gamsu. Kazaure a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi ta shiga hannun Turawa ba tare da yaƙi irin na Kano ko wanda aka yi a Haɗeja a 1906 ba, aka sa ta cikin Lardin Kano.

Turawa ba su rushe sarauta ba, sai suka hau kanta. Umarni kan taso daga Gwamna zuwa Razdan, zuwa Di'o, zuwa Sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. An fitar da hakimai daga birane aka zaunar da su a gundumomi, aka kafa baitulmali, aka mayar da haraji da jangali kuɗi tsaba a kowace shekara. Wannan tsari ya taɓa dukkan sharuɗɗan nan uku. Ta fuskar halacci, talaka bai cika ganin Bature ba, rawanin da ya saba gani shi ke zuwa karɓar haraji. Ta fuskar wurin kai kuka, Sakkwato ba ta da sauran ikon raba gardama irin wanda Bello ya yi, Sarki kansa ana iya tuɓe shi, kamar yadda aka kai Sarkin Kano Alu Lakwaja. Alkali da ɗan doka da gidan yari duk na En'e ne. Ta fuskar ƙaura kuma, an shata iyaka da Faransawa a arewa da Babura, mulkin da ke can ya ma fi tsanani, domin aikin tilas bai ƙare a ƙasashen Faransa ba sai 1946, har mutane suka riƙa tsallakowa wannan ɓangare.

Illar doguwar sarƙa ita ce babu mai ɗaukar alhaki. A lokacin ɗiban gwamna, daga 1942 zuwa 1944, an kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa suka mutu saboda sanyi da cuta. Wanda ya tsara abin bai san sunan kowa ba, mai unguwar da ya nuna gidan da za a ɗauki mutum kuwa cewa zai yi umarni ne daga sama. Wannan ya yi daidai da abin da Milgram ya gani, cewa mutane sun fi bi idan ba hannunsu ne ke kan maɓallin ba. Saboda haka shirun talaka a wannan zamani ba hujja ba ce ta gamsuwa. Ɓoye shanu ranar ƙidayar jangali, da rage yawan mutanen gida ranar rubuta haraji, da tafiya cin rani, duk hanyoyi ne na ƙi a ɓoye ga wanda ba shi da halin ƙi a sarari.

3.5 Siyasar Jam'iyyu: Samun Abokin Ƙi

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, daga baya Malam Aminu Kano ya zama shugabanta. Wannan ya faru ne a zamanin Sarkin Kazaure Adamu, wanda ya hau gado a 1941. Babban abin da NEPU ta kawo wa talakan Lardin Kano shi ne ganin wani talaka irinsa ya tsaya gaban hakimi ya ce a'a. 'Yan NEPU sun ƙi faɗuwa gaisuwa, sun ƙi noman gandun masu sarauta kyauta, aka ɗaure da yawa daga cikinsu a kotunan alkalai. Kamar mutum ɗayan nan na gwajin Asch, amfaninsu bai tsaya ga yawansu ba, sun karya zaton cewa kowa ya yarda. Bugu da ƙari, ba su ce a bar biyayya gaba ɗaya ba. Sun kafa hujja da adalcin da Shehu ya yi kira gare shi, suka ce En'e ce ta kauce. Wannan ita ce dabarar Ɗantunku a sabuwar riga: a ƙi na tsakiya da sunan abin da ke sama da shi.

Duk da haka NEPU ba ta kai ga mulki ba a Jamhuriya ta Farko. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, ta yi ƙoƙari a matakin farko a Kano, amma kafin a kai matakin ƙarshe an tace 'yan takararta. Sai da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e bayan 1967, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya raba sarakuna da ikon zartarwa, sannan abin da ke zukata ya fito. A 1979 jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci tsohuwar Jihar Kano wadda Kazaure da Babura ke ciki, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali. Mutanen ba su sake hali cikin dare ɗaya ba, farashin ƙi ne ya sauka.

Misali na ƙarshe shi ne zaɓen bin layi da hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta fara amfani da shi a zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990, inda masu zaɓe ke jeruwa a bayan hoton ɗan takara a ƙirga su. An kawo tsarin ne don maganin maguɗi. Sai dai a ƙauye, inda mai unguwa da suruki da mai ba da bashin taki duk suna tsaye suna kallo, layin da ya fi tsawo yana da wani ƙarfi na jan mutum wanda bai da alaƙa da cancantar ɗan takara. Asch ya riga ya nuna bambancin amsar da aka faɗa a bainar jama'a da wadda aka rubuta a asirce. A zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Yuni 1993 an gyara tsarin, aka bar mutum ya dangwala a keɓe.

3.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa biyayya a ƙasar Kazaure da Babura ba hali ne guda da ya tsaya cik ba. Ta yi rauni a 1819 da aka sami masu umarni biyu da mai raba gardama a Sakkwato. Ta zama musayar hidima da tsaro a zamanin hare-haren Damagaram. Ta yi kama da cikakkiya a zamanin Turawa saboda an toshe wurin kai kuka an kuma rarraba alhaki. Ta sake sassautawa bayan 1950 da talaka ya sami abokin ƙi da akwatin ƙuri'a. Ladabin da Bahaushe ke nuna wa na gaba gaskiya ne, amma kuskure ne mai mulki ko mai bincike ya ɗauki durƙuso a matsayin yarda. A babi na gaba za a dubi yadda ake cusa wa yaro biyayya a gida da makarantar allo a wannan yanki, da kuma irin iyakar da tarbiyyar ta gindaya mata.